Kwalbar da Ta Sha Rana Kwana Arba'in

Yau zan faɗi abin da ko Mama ba ta sani ba, saboda haka duk wadda ta san gidanmu a garin Retimno ta rufa min asiri. Baƙin ɗankwalin nan da na fi shekara ina ɗaurawa, wanda matan unguwa ke nuna wa 'ya'yansu suna cewa ku ga yadda ake tuna uba, rabinsa ne kawai na Baba. Ɗaya rabin na amosani ne. Ku yi dariyarku, na yafe muku.

Sunana Argiro, shekarata ashirin da shida, ina aiki a ɗakin wanki da guga na wani otal a bakin teku. Baba ya rasu a watan Afrilun bara, muka shiga baƙin kaya ni da Mama da ƙanwata Kaliyopi. Bayan wata biyu kaina ya fara zuba. In na sosa sai ka ce an kaɗe buhun fulawa a kafaɗata, kuma kun san baƙar riga ba ta rufa wa kowa asiri. Hannuwana kuwa bilic da tururin guga sun gama da su, sun bushe sun yi furu-furu, gaɓoɓin yatsu duk sun tsattsage. Shamfu kala bakwai na jera a banɗaki, kowanne ya yi min alkawari ya saɓa. Wata Lahadi na ciro tsohon ɗankwalin kakarmu na ɗaura zuwa coci, na dawo na duba kafaɗata na ga fes. Tun daga ranar ban sake fita da kai a buɗe ba.

Da aka yi addu'ar cika shekara, aka raba dafaffiyar alkama a ƙofar coci, washegari Kaliyopi ta fito cikin riga ruwan ganye kamar yadda ya dace. Ni na ci gaba da baƙi, don in na cire baƙi dole in cire ɗankwali, babu budurwar da ke ɗaura shi haka kawai. Mutane suka yi ta sa min albarka, ni kuma ina karɓa ina jin kunyar kabarin Baba.

Sai ga Sifis. Mai kiwon zuma ne daga wani ƙauye a kan dutse, duk Talata yana kawo wa otal ɗinmu zuma. A watan Maris ya ɓata ƙofa, ya faɗo ɗakin wanki rungume da gwangwani, ya tsaya cikin tururi yana kallona kamar ni ce na ɓata hanya. Dogo ne, mai gemu, a fili ba ya haɗa kalma goma, amma a waya baiti yake turo min irin na mazan dutse. Ga na farko, har yanzu ban goge ba:

"Na kai zuma otal ɗinku, na tarar da wadda ta fi ta zaƙi,
Sai dai rana ce da ta rantse ba ta fitowa sai cikin baƙi."

Na rubuta masa cewa ya riƙe zumarsa, waƙa ba sana'arsa ba ce. Amma na karanta ya fi sau ashirin. Ina son sa, ba zan ɓoye muku ba. Wata biyar muna shan kofi a bayan otal, ni hannuwana a ƙarƙashin tebur, shi nasa a kai. Har akwai ranar da ya zo a ƙarshen Yuni yatsunsa duk sun rine ja-ja, na ce wa ka yanka, ya ce 'ya'yan itace ya tsinka a hanya. Sau uku yana gayyata ta cin abinci a gidansu, sau uku ina cewa ina cikin makoki.

Ana saura kwana biyu idin Maryamu na sha biyar ga Agusta, ina kicin ina taya Mama naɗa shinkafa a ganyen inabi, saƙonsa ya shigo. Wannan karon babu baiti.

"Jibi kowa zai hallara a gidanmu. Na ajiye miki kujera. In ba ki zo ba na fahimci amsa, kuma ba zan ƙara damunki ba."

Mama ba ta iya karatu daga nesa, amma fuskata ta karanta.

"Mai zumar ne?"

"Kaliyopi ce."

"Kaliyopi tana ɗaki tana barci. Argiro, ni ce matar mamacin, ni zan mutu da baƙi a jikina. Ke wa ya aike ki? Ubanki da ya yi rawa a bikin kowa a garin nan, kina tsammanin daɗi yake ji yana kallonki kamar tsohuwa mai sayar da kyandir?"

"Mama, ban shirya ba."

"Yaron ma ba zai shekara yana shirya miki ba. Uwarsa ta aiko min gaisuwa sau biyu, na rasa bakin amsawa. Ki je, ko da ɗankwalin ne."

Na ce zan je. Ya ce zai zo ya ɗauke ni, na ce a'a, motar haya zan hau. Awa guda kusa da shi a mota, iska tana wasa da ɗankwalina? Ban yi hauka ba.

Ranar idi da sassafe na tsaya gaban madubi na ga fuskata ma ta shiga sahu, gefen hanci da goshi sun yi fari suna ɓarewa. Ina binciken kabad ɗin banɗaki sai hannuna ya faɗa kan 'yar kwalbar Baba ta jan mai, wanda tsofaffi ke kira man takobi. Da shi yake shafa wa duk wani yanka da ƙuna, kuma na tuna yadda yake warkar masa da fason ƙafa. Na ce yau ga ranarka. Na kwarara a tafin hannu, na mulke fuska, wuya, hannuwa, har tsagar kai. Nan take fatar ta yi laushi tana sheƙi. Na yi wa Baba addu'a, na ɗaura ɗankwali na fita ina jin kaina kamar amarya. Abin da ban tuna ba shi ne, Baba bai taɓa buɗe kwalbar nan ba sai rana ta faɗi.

Coci ta cika, muka tsaya a fili awa biyu cikin rana. A mota kujerata ta gefen taga ce. Direba ya sauke ni a mararraba, sauran hawan dutse na minti ashirin da ƙafa, ga ranar Agusta tsaka. Tun a rabin hanya na ji fuskata tana zafi kamar na leƙa tanda. Na ciro waya na kunna kyamara na duba fuskata. Na yi jawur, goshi da kunci sun tasa, bayan hannuwana sun yi rododo. Daga sama ina jin goge da hayaniyar mutane da ƙamshin gasasshen nama, nan ne gidan su Sifis. Na juya zan gangara. Na riga na fara rubuta masa "ka yi haƙuri" hawaye na ɗiga a kan wayar.

"Ke mai baƙin kaya. Gangara ba ta fi hawa sauƙi ba, hawo nan."

Na ɗaga kai. Wata tsohuwa ce 'yar ƙarama a kan rufin gidan farko na ƙauyen, ta riƙe ƙugu. Matakalar dutse ce a gefen gidan, na hau don ban san yadda ake ce wa irin wannan murya a'a ba.

'Yan uwa, abin da na gani a rufin nan ban taɓa ganin irinsa ba. Kwalabe ne jere a kan katanga, manya da ƙanana, sun fi sittin, rana ta ratsa su. Na farkon layi ruwan zinariya ne da furanni rawaya suna iyo a ciki, na tsakiya sun koma ruwan goro, na ƙarshe kuwa ja ne wur kamar jini, har haskensu ya rina farin bangon. Ƙudan zuma suna kewaya su a hankali. Can ƙasa ga gonakin zaitun har bakin teku. Na manta da zafin fuskata, na tsaya baki buɗe kamar na shiga coci.

Tsohuwar ta kama haɓata ta juya ni dama da hagu, ta sunsuna kuncina.

"Man takobi. Da safe kika shafa?"

"Eh, Kaka."

"'Yar birni. Man nan kwana arba'in yake shan rana kafin ya yi ja. Ya ƙoshi da ita, in suka sake haɗuwa a jikin mutum faɗa suke yi, kuma fata ce filin dagar. Ko akuyata ta san wannan, in ta ci furen ba ta kwanciya a rana. Sauka mu shiga ciki."

Ɗakinta sanyi ƙalau, tagogi a rufe, ƙamshin kakin zuma da busassun ganyaye da ke rataye a azara. Ta zaunar da ni a kujera, ta wanke min fuska da hannuwa da koren sabulun zaitun da ruwan randa, a hankali, sau uku. Ta ɗebo kindirmon tumaki mai sanyi ta lafta min a fuska, na ji kamar an kashe gobara. A nan na lura da hannuwanta. Ta ce min shekararta tamanin da takwas, amma tafin hannunta ya fi na jariri laushi, kuma farin gashinta kitso biyu ne masu kauri har ƙugu, suna ƙyalli. Na kalli nawa hannuwan na ɓoye su a cinya.

"Cire ɗankwalin."

"Makoki nake yi, Kaka."

"Na binne miji da 'ya'ya biyu, na san yadda makoki yake ɗaura ɗankwali. Ba ya jawo shi har gira, ba ya kuma taɓa shi kowane minti. Cire."

Na kwance. Ko likita ban taɓa buɗe wa kan nan ba. Na rufe ido ina jin abin yana zubowa a kafaɗata. Ta sa yatsu tana tsaga gashin layi-layi kamar mai duba gona.

"Da ruwan zafi kike wanke shi, kullum."

"Eh."

"Kina ɗaure shi da danshi. Aikinki cikin tururi ne da maganin wanki mai ƙarfi. Ruwa ba ya wuce maƙogwaronki sai in kofi ne mai ƙanƙara. Yaushe rabonki da kifi?"

Na fara lissafi.

"Baba ne mai sayo mana kifi," na ce, sai muryata ta karye.

Ta ɗora tafinta a tsakiyar kaina ta bar shi a nan. Ban san tsawon lokacin da na yi ina kuka ba, kindirmo na narkewa yana bin wuyana. Gaskiya ta faɗa tun ban faɗa ba: tun da aka binne shi ban zauna na ci abincin kirki ba, sai burodin cuku a tsaye da kofi uku a rana. Tsoro da mamaki suka kama ni lokaci guda, yadda baƙuwa ta karanta shekarata guda a fatar kaina.

"Fata ba ta ƙarya," ta ce. "Abin da ciki ya rasa, ita take fita ta yi shela. Saurara, don ba na maimaitawa. Ganyen daji dafaffe da lemun tsami, ki kwarara masa ɗanyen man zaitun har ya yi iyo, kada ki ji tsoronsa. Ƙananan kifi sau biyu a mako, ki ci har ƙaya. Wake, kindirmo, da ruwa, ruwa dai na Allah. Kofi ɗaya ya ishe ki, ke ba direban babbar mota ba ce."

Ta sauko da wata kwalba mai koren mai, ta ce na 'ya'yan dafni ne, bishiyar nan da muke jefa ganyenta a miyar wake. Ta ɗiga kaɗan a man zaitun mai ɗumi ta shiga murza min a kai da ƙarfin da ban zaci tana da shi ba. Ta ce sau biyu a mako, ya yi awa ɗaya, in wanke da ruwa mai ɗumi-ɗumi, in ɗauraye da cokalin khal a kofin ruwa, sannan in bar shi ya sha iska. Hannuwa kuma ta ba ni wani ɗan gwangwani na kakin zuma da aka narka da man zaitun, ta ce in sa safar roba a wurin aiki ko da za a yi min dariya.

"In wata guda ya wuce bai yi sauƙi ba, ki je wurin likitan fata. Ni ba Allah ba ce, tsohuwa ce mai kwalabe."

"Kaka, jan man fa? Na daina ke nan?"

"Da yamma, a hannu da gwiwar hannu, in ƙunar nan ta warke. Amma ba na kwalbar ubanki ba, wannan ya tsufa. Naki yana nan."

Na ɗauka cikin na rufin za ta zaɓo min. Sai ta buɗe wani ɗan kabad a bango, kusa da hoton Maryamu da fitilar mai, ta ɗauko kwalba guda da aka ajiye ita kaɗai. Ja ce har ta fi na saman duhu. An liƙa mata takarda, kuma tun kafin ta miƙo min na gane rubutun, don na sha ganinsa a kan gwangwanayen zuma. An rubuta Argiro, a ƙasa kuma ashirin da huɗu ga Yuni.

Na kalle ta, na kalli kwalbar.

"Ni ce Pelagiya, kakar wannan dogon sakaran," ta ce. "Tun watan Mayu ya zo ya zauna inda kike zaune, yana murza hula, wai Kaka akwai wata, hannuwanta suna ciwo tana ɓoye su a ƙarƙashin tebur, kuma in ta sunkuya wani abu yana zubowa daga ɗankwalinta, ina jin shi ya sa take gudu na. Na ce ka gaya mata mana. Ya ce in ya faɗa ba za ki sake kallonsa ba."

"Tun Mayu ya sani?"

"Tun ranar da ya ɓata ƙofa. Mutumin da ke gane ƙudan zuma marar lafiya cikin dubu, amosani ne zai ɓuya masa? Na ce to, a gidan nan ba na tsinko wa kowa furen wani. Mai so shi ke hawa dutse ranar idin Yohanna, ashirin da huɗu ga Yuni, ya tsinko da hannunsa, ya zuba man zaitun na gonarsu, ya riƙa zuwa yana girgiza kwalbar kullum har kwana arba'in. Ubansa ma haka na sa shi ya yi wa uwarsa. Ban zaci zai iya ba. Ranar da ya kai amya can bayan dutse ma sai da ya dawo, tafiyar awa biyu, don ya girgiza kwalba. Yau kwana goma sha biyu ke nan da ta nuna, ya kasa kai miki. Kullum sai ya ɗauka ya mayar."

Yatsun nan ja-ja na ƙarshen Yuni suka dawo min. Wa ka yanka, na ce masa, har ina dariya. Ashe daga dutse yake, furen ne ya rina masa su. Ni ina can ina ƙara jawo ɗankwali har gira, ina ƙarya da sunan Baba, shi yana nan yana girgiza min kwalba a rana. Kunya ta rufe ni, amma wani abu ya fi kunyar girma, ban san sunansa ba, na dai rungume kwalbar a ƙirji da hannu biyu kamar za a ƙwace.

Wayata ta yi ƙara a cinyata. Shi ne: "Motar ƙarfe sha biyu ta wuce tun ɗazu. Na fahimta. Allah ya ba ki alheri, Argiro." A ƙasan akwatin rubutu kuma ga "ka yi haƙuri" ɗina da ban tura ba.

Kaka Pelagiya ta leƙa wayar, ta yi tsaki, ta buɗe taga ta ƙwala masa kira ya zo ya ɗaukar mata tulun mai. Ba a yi minti biyu ba na ji takun takalminsa a kan duwatsun tsakar gida, a hankali, irin tafiyar wanda aka yi wa rasuwa.

Ku dubi halin da nake ciki. Fuska jawur da busasshen kindirmo, gashi jiƙe da mai ya miƙe ko'ina, baƙar rigata kuwa kafaɗunta fari fat. Na yi wuf na kai hannu ga ɗankwalin da ke kan tebur. Tsohuwar ba ta hana ni ba. Ta ɗauke shi da kanta ta rataye a ƙusar da ke bayan ƙofa, inda hannuna zai kai in na miƙe.

"Ga shi nan," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ga kuma ƙofar baya, tana fita hanyar mota, ba wanda zai gan ki. Ni ban ga kowa ba yau."

Aka ƙwanƙwasa.

"Kaka, in shigo?"

Ta naɗe hannu tana kallona. Na kalli ƙusar, na kalli ƙofar baya, na kalli sunana a jikin kwalbar. Na goge "ka yi haƙuri" daga wayar, na ɗora hannuwana biyu a kan tebur, a fili, yadda suke.

"Shigo, Sifis," na ce. "Ka zo ka gaya min sunan 'ya'yan itacen da ka tsinka a watan Yuni."

Takun ya tsaya cak. Sannan mariƙin ƙofar ya fara juyawa.